Rukolar daji: tambayoyin da ake yawan yi min kan gane ta da shuka ta

Na daɗe ina shuka ganyen nan, kuma kusan duk wanda ya gan shi a tukunya ko ya ɗan tauna sai ya jero min tambayoyi, yawanci ma iri ɗaya ne, shi yasa nace bari dai in tattara su wuri guda in amsa. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma da gangan na ja su, musamman batun gane ta, don a nan ne mutum zai iya cutar da kansa in yayi garaje.

Wai mece ce rukolar daji ɗin ma tukuna?

Wata 'yar tsiro ce mai yaji a baki, 'yar dangin mastad da kabeji, masana tsirrai suna ce mata Diplotaxis tenuifolia. Asalinta ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne da kudanci da tsakiyar Turai har zuwa yammacin Asiya, daga nan ta bazu duniya. Sunan rukola daga bakin Italiyawa aka samo shi, su ne ma suka fi kowa noma ta. Abin da ya raba ta da yawancin 'yan uwanta da ake shukawa a lambu shi ne ita ba 'yar shekara ɗaya bace, in ka shuka ta sau ɗaya saiwar tana nan a ƙasa, ka yanke ta tofo, sanyi ko fari ya ƙona samanta ta sake tofowa, haka shekara da shekaru.

Masanin tsirrai Linnaeus ne ya fara yi mata suna a 1755, lokacin ya saka ta cikin wani rukuni daban, sai a 1821 wani masanin tsirrai, de Candolle, ya mayar da ita rukunin Diplotaxis. Ka riƙe ma'anar sunan don zata yi maka amfani anjima: Diplotaxis da Girkanci layi biyu kenan, tenuifolia kuma da Latinanci mai siririn ganye.

Ta yaya ake gane cewa tsiro ɗan dangin mastad ne?

Fure zaka duba. Duk 'yan gidan nan, kuma suna da yawa fa, sun kusa iri 4,000, furensu ganye huɗu gare shi, biyu na kallon biyu kamar alamar tarawa ta lissafi, shi yasa ma tsohon sunan dangin Cruciferae, wato masu ɗauke da gicciye. In ka buɗa tsakiyar furen da farce zaka ga 'yan zaruruwa shida masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye biyu gajeru. Wannan huɗu da biyun wallahi kamar tambarin gida ne, da wuya ka same shi a wani dangin. Sai kwanson iri, wanda yawanci in ya bushe yake rabewa gida biyu ya bar wata 'yar fata fara sol mai shara-shara a tsakiya inda irin yake manne.

Kabeji, farin kabeji, burokoli, radish, mastad ɗin kansa, duk in ka barsu suka yi fure haka zaka gani.

To ita kanta rukolar dajin fa, me zan duba?

Yawwa, nan ne nake so a nutsu. Abu biyar nake dubawa kuma bana yarda sai sun haɗu duka.

Furen rawaya ne tas, ruwan lemon tsami nunanne, babu wani zane ko jijiya mai duhu a jikinsa, kowane ganyen fure ya kai kamar santimita 1 ko ya ɗan fi, kuma in ka kai hanci yana da ƙamshi mai daɗi kamar zuma-zuma, wanda ya sha bamban da warin ganyen. Furannin a saman kara suke taruwa, na ƙasa su riga buɗewa, shi yasa a kara ɗaya zaka ga kwanso a ƙasa, buɗaɗɗen fure a tsakiya, wanda bai buɗe ba a can ƙoli.

Kwanson siriri ne dogo, santimita 2 zuwa 5, yana tsaye yana kallon sama a kan wani dogon siririn hannu da ya fita gefe daga karan. Ka samu wanda ya fara ƙosawa ka tsaga shi a hankali, zaka ga 'ya'yan sun jeru sahu biyu a kowane ɓangare. Ga layi biyun da ke cikin sunan nan. Yawancin 'yan uwanta masu rawayan fure, irin su mastad na daji, sahu ɗaya suke yi. Ranar da na fara tsaga kwanson na ga sahu biyun da idona, da ɗan gilashin ƙara girma a hannu, na daɗe a tsugune ina kallo, ƙananan 'ya'ya ruwan ƙasa-ƙasa a jere reras kamar an lissafa su aka ajiye.

Karan santsi gare shi, babu gashi ko kuma ɗan kaɗan ne can ƙasa, yana da ganye har sama, tsawonsa daga santimita 30 zuwa 80, kuma gindin tsohuwar tsiro yana yin tauri kamar icce. Wannan taurin gindin shi ke gaya maka ta shekara a wurin.

Ganyen siriri ne mai ɗan kauri, kore mai ɗan toka-toka, da tsagogi masu zurfi kamar yatsu.

Na biyar wari. Ka murza ganye ɗaya tsakanin yatsu ka shinshina, wari ne mai ƙarfi mai hawa hanci, wasu na so wasu basa so, amma ba zaka ce baka ji ba. In ka murza ka ji warin ɗanyar ciyawa kawai, to ka yar.

Ganyen kaɗai bai isa in gane ta ba? Ai ina da hotonta a waya.

Bai isa ba gaskiya. Ganyen rukolar daji ba ya tsayawa a kama ɗaya, na farko-farko da ke fitowa bayan tsiro kusan babu tsaga a jikinsu, sai tana girma tsagar ke zurfi, wadda ke inuwa ganyenta ya fi faɗi, wadda ke rana kan tsakuwa ya fi siranta, akwai ma wani nau'in da ganyensa sam baya tsagewa, dogo ne kawai sumul. Sannan tsirrai masu tsagaggen ganye da ke kwanciya a ƙasa kafin suyi kara sun fi a ƙirga. Manhajojin gane tsiro na waya suna taimakawa wajen baka hasashe, nima ina amfani da su, amma hoton ganye kaɗai yana ruɗa su kamar yadda yake ruɗa mutum. In ka ga tsiro kana zaton ita ce kuma bata yi fure ba, ka sa alama a wurin, ko da dutse ne, ka dawo bayan sati biyu ko uku. Ba inda zata je ai, saiwarta na nan.

Akwai mai guba da ke kama da ita?

Akwai, kuma wannan ne dalilin duk dogon bayanin da nayi a sama. Wasu ciyayi na rukunin Senecio da 'yar uwarsu Jacobaea vulgaris suna da tsagaggen ganye da rawayan fure, suna kuma son irin wuraren da rukola ke so. Gubarsu hanta take ci, kuma ba nan take ba, a hankali take taruwa tana ɓarna mutum bai sani ba, dafawa ko busarwa ma baya kashe ta. A 2009 a Jamus an tsinci ganyen Senecio vulgaris a cikin ledar rukola da ake sayarwa a kanti, har manoman rukola na ƙasar suka ji a jikinsu don mutane sun ƙaurace wa ganyen na wani lokaci. Kaga in har zai iya wucewa ta hannun masu girbi da masu zuba wa a leda, to wanda ya fita tsinka da hoto a waya fa?

Amma da fure raba su ba wuya. Su waɗancan ba 'yan gidan mastad bane, furensu dunƙule ne na ƙananan furanni da yawa a kai ɗaya, babu ganye huɗu, babu kwanso, in ya bushe sai ya zama farin gashi-gashi kamar auduga iska na kwasa. Ganyensu sau da yawa yana da ɗan gashi kamar yanar gizo-gizo, na sama yana rungume karan, kuma basu da yajin nan in an murza.

Meye bambancinta da rukolar da ake shukawa a lambu?

Waccan sunanta Eruca sativa, 'yar shekara ɗaya ce, tayi fure tayi iri ta mutu. Furenta fari ne ko ruwan madara da jijiyoyi ruwan hoda mai duhu, ganyenta ya fi faɗi da laushi, ƙarshensa zagayayye, yajinta bai kai ba, kwansonta gajere mai kauri da wani baki mai faɗi a ƙarshe, 'ya'yanta kuma sun fi girma sosai.

Na taɓa sayen iri a takarda an rubuta na daji ne, da hoton siririn ganye a jiki. Tun da na zazzage a tafin hannu naga 'ya'yan sun yi min girma amma na shuka. Kwana huɗu ya fito, da sauri haka, nayi ta murna, sai da fure ya buɗe na gan shi fari da zane. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba don na ware mata wuri na dindindin ne, ga wata biyu sun tafi. Tun daga nan in zan sayi iri sunan Latin nake nema a jikin takardar, in babu Diplotaxis tenuifolia a rubuce bana ɗauka.

Na ga wata mai rawayan fure, sahu biyu a kwanso, amma 'yar ƙarama ce. Ita ce?

Wataƙila ƙanwarta ce, Diplotaxis muralis. Ita ganyenta kusan duk a gindi yake a kwance, karan kusan tsirara, furen ya fi ƙanƙanta, gindin baya tauri don yawanci shekara ɗaya take yi. Ga wata alama ta masu ido: a rukolar daji ta gaske akwai wani ɗan wuya, milimita 1 zuwa 3 haka, tsakanin inda ganyen fure suka zube da inda kwanson ya fara kumbura. Ƙanwar bata da wuyan nan. Ita ma ana ci, ba guba, sai dai warinta ya fi nauyi.

A wane irin wuri take fitowa da kanta?

Inda sauran tsirrai suka raina. Tsagar tsohuwar katanga, kufai, gefen layin dogo, tarin ɓaraguzan gini, bakin hanya, yashin bakin teku, filin da aka bari. Tana son ƙasa mai sinadarin farar ƙasa, shi yasa take manne wa tsofaffin gine-gine. A Turai daga wajen Mayu har Satumba ko Oktoba ake ganin furenta. Ta isa Amurka ma tuntuni, an fara ganinta ne a kewayen tashoshin jiragen ruwa, inda jirage ke zubar da ƙasa da duwatsun da suke ɗauka don daidaita nauyi, irin yana ciki.

Zan iya tsinka a bakin titi in ci?

Ni dai bana yi. Gefen titi da layin dogo ana fesa maganin ciyawa, ga hayaƙin motoci, ga karnuka, kufan masana'anta kuma ƙasarsa na iya ɗauke da dalma. In ka samu a irin wurin, ka jira kwanso ya bushe ka ɗebi iri ka je ka shuka a ƙasa mai tsabta.

Wace irin ƙasa zan shuka ta?

Wadda ruwa baya kwanciya. Wannan shi ne sharaɗin da bata yafewa. Yashi-yashi, tsakuwa-tsakuwa, duk tana so, in ƙasarka yumɓu ce mai riƙe ruwa ka gauraya da yashi mai kauri ka ɗaga wurin ya zama tudu. Ƙasa mai tsami sosai bata yi mata daɗi, ɗan garin farar ƙasa yana gyarawa. Rana kuma tana so sosai, a ƙalla rabin yini.

Kuma tunda zama zata yi, ka zaɓa mata gefe inda ba zaka riƙa kaftu duk shekara ba.

Yaya ake shuka irin?

Irin ƙanana ne ƙwarai, kamar milimita 1, dubbai ne a giram ɗaya, in kayi atishawa a kai ma ya tafi. Saboda haka ba a binne shi. Ka gyara ƙasa tayi laushi, ka jiƙa ta tukuna, sannan ka gauraya irin da ɗan busasshen yashi don ya barbazu daidai, ka yayyafa, ka danna da tafin hannu ko ɗan katako. In ma zaka rufe to ɗan yayyafin yashi kawai wanda bai kai rabin santimita ba. Ban ruwa da abin fesawa, kar ka kwarara da bokiti, zai kwashe irin ya tara maka a lungu ɗaya. Ya fi fitowa da kyau in ɗumin ƙasa na wajen digiri 20 zuwa 25, kuma yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu.

In ganye ƙanana kake so ka riƙa yanka, barsu a cunkushe a layi, tsakanin layi da layi santimita 15 zuwa 20. In kuma manyan gindi kake so masu daɗewa, ka rage su tun suna ƙanana ka bar santimita 25 zuwa 30 tsakani. Ni ina yin duka biyun, layi ɗaya na yanka, sai gindi uku ko huɗu a gefe da nake bari su tsufa suyi fure.

Sati biyu kenan ban ga komai ba.

Ko ka binne da zurfi, ko saman ƙasar ya bushe ko da na yini ɗaya ne daidai lokacin da irin ya fara tsagewa, ko sanyi yayi yawa, ko zafi. Amma kafin ka yanke ƙauna ka tsuguna ka duba da kyau, tsiron farko ɗan mitsitsi ne, ganye biyu kamar kan allura, mutane da yawa sun tuge nasu suna zaton ciyawa ce. Watan farko tana da nawa sosai, kamar bata motsi, a ƙasa take aiki tana tura uwar saiwa, kar ka ɗura mata taki don ka ga ta yi jinkiri.

Tana yi a tukunya?

Tana yi, amma mai zurfi, santimita 25 ko 30 zuwa sama, da huji a ƙasa. Tsohon bokiti da aka huda ya fi faffaɗan kasko marar zurfi.

Ruwa da taki fa, nawa take so?

Tana ƙarama kar ƙasa ta bushe. Da ta kafu kuma sai ka sassauta, ka bari saman ƙasa ya bushe kafin ka ƙara. Tana jure fari fiye da yawancin ganyayen lambu saboda doguwar saiwar nan, har ma masana sun gano yadda ganyenta ke sarrafa iska da hasken rana ya ɗan bambanta da na kabeji, yana tsaka-tsaki ne tsakanin tsarin da suke kira C3 da C4, abin da ba kasafai ake samu a danginta ba. Sai dai jure fari daban, daɗin ganye daban: wadda ta sha ƙishi ganyenta tauri yake yi da yaji mai tsanani, wadda ke samun ruwa daidai ganyenta ya fi taushi.

Taki kuwa kaɗan. Ruɓaɓɓen takin gargajiya cikin hannu ɗaya ko biyu a farko, sai ɗan ƙari bayan ka yanka sau biyu ko uku. Yawan takin zamani mai naitirojin yana sa ganye yayi girma yayi lagwada amma ɗanɗanon ya tsinke, ƙwari su taru, ga kuma matsalar naitiret, wani sinadari da ganye ke tarawa daga ƙasa da taki, zan zo kanta. Yawancin waɗanda tasu ta mutu a hannunsu, in ka bincika, yawan ruwa da yawan taki ne, saiwar ta ruɓe.

Inda nake akwai zafi sosai, zata yi?

Zata yi in ka shuka a lokacin da ya fi sanyi a shekara, ta kafu kafin zafi ya shigo. Zafi da doguwar rana suna tura ta fure da wuri, don haka ka bata inuwa daga azahar zuwa la'asar, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Abin da ya fi zafi cutar da ita shi ne zafi haɗe da ruwan sama mai yawa da ƙasa jagab, a irin wannan lokacin ta tukunya ta fi tsira don zaka iya janye ta ƙarƙashin rumfa.

Yaushe zan fara yanka, kuma ta yaya?

In ganye ya kai santimita 8 zuwa 12, wato wajen sati biyar zuwa bakwai daga shuka, ya danganta da yanayi. Ka yanka da almakashi ka bar santimita 3 zuwa 4 a sama da ƙasa, kar ka taɓa zuciyar tsakiya inda sabbin ganye ke fitowa. Bayan sati biyu ko uku ta sake cikowa. Yankan biyu da na uku ganyen ya fi tsagewa ya fi yaji, haka take. Manoman Piana del Sele da ke lardin Salerno a Italiya, waɗanda rukolarsu ta samu rajistar kariyar suna ta Tarayyar Turai a 2020, haka suke yi a rumfunan leda, shuka ɗaya yanka da yawa.

Ka wanke, ka tsane ruwan sosai, ka sa a roba mai murfi da ɗan tsumma ko tishu a firij, zai yi kwana huɗu ko biyar.

Ta fara fure, shikenan ta gama?

A'a, wannan dokar rukolar lambu ce. Ta daji in tayi fure ganyen jikin karan yana ƙanƙancewa yayi ɗaci, sai ka datse karan ƙasa-ƙasa ka bata ruwa, sabon ganye zai fito daga gindi. Furen ma ana ci. Amma don Allah ka bar ko gindi ɗaya yayi furensa, ƙudan zuma suna sonta ba kaɗan ba, da safe in rana ta ɗan ɗaga zaka ji gunjinsu a kai tun daga nesa. A Ajantina ma masu kiwon zuma sun san ta sosai, flor amarilla suke ce mata, wato rawayan fure.

Me ke kawo yajin nan?

Makamin kare kai ne. A cikin ganyen akwai sinadarai da ake kira gulukosinolet, a wani ɗaki daban kuma akwai wani mai suna mirosines, basa haɗuwa sai an raunata ganyen. Da ka tauna, ko tsutsa ta ciza, sai su gauraya su haifar da abin nan mai hawa hanci irin na mastad. Shi yasa ganyen da ba a taɓa ba kusan baya wari sai ka murza, shi yasa kuma in aka dafa yajin ke raguwa don zafi yana kashe mirosines ɗin.

Ganyena duk ya cika da ƙananan huji kamar an soka allura.

Wasu ƙananan ƙwari ne baƙaƙe masu sheƙi, in ka kai hannu sai su yi tsalle kamar ƙuma, 'yan rukunin Phyllotreta. Abin mamaki yajin da ke korar wasu ƙwarin su shi ke kiransu. Babbar tsiro hujin baya kashe ta kuma ganyen na ciyuwa, amma 'yan tsiro sabbi suna iya gamawa da su cikin kwana biyu. Maganin da na ga yana aiki shi ne raga mai ƙananan ido, ka rufe tun ranar shuka ka danne gefunan da ƙasa, in ka jira sai sun shiga to ka rufe su ne a ciki. Suna son busasshiyar ƙasa da zafi, don haka danshi daidai yana rage su. Ganyen da ake yanka duk sati biyu ana ci ɗanye bana son fesa masa maganin ƙwari.

Sauran cututtukan fa?

Tsutsar kabeji 'yar ƙarama koriya da darɓa, waɗannan hannu da ruwa sun isa in gindin ba yawa. Sai wata fumfuna da ke sa ɗigon rawaya ko baƙi a saman ganye da fari-fari a ƙasansa, tana zuwa in an cunkushe kuma ganye na kwana a jiƙe, maganinta tazara da ban ruwa da safe a gindi. Akwai kuma ciwon kumburin saiwa na dangin kabeji, Plasmodiophora brassicae, wanda ke zama a ƙasa sama da shekara 10, in ka san kabeji ya taɓa yinsa a wuri kar ka kai ta can.

Ta bushe ƙurmus, in tuge?

Dakata tukuna. Ka kankare gindin da farce, in ka ga kore ko fari mai danshi a ciki tana da rai, hutu take yi. A ƙasashe masu sanyi samanta na mutuwa da hunturu ta dawo da bazara, a wurare masu fari ma takan yi haka. Ka datse busassun karan ka bar ɗan dungu. In gindin yayi laushi yana wari, wannan kam ta ruɓe.

Yaya zan ajiye iri?

Ka bar gindi biyu ko fiye suyi fure tare, don yawanci gindi ɗaya baya ɗaukar garin furen kansa da kyau, sai ƙwari sun kawo daga wani. In kwanson ƙasa suka koma ruwan kara, tun basu fara fashewa ba, ka yanke karan gaba ɗaya da safe ka zura a jakar takarda kai a ƙasa, ka rataye a inuwa sati ɗaya ko biyu, sannan ka murza ka bushe ƙaiƙayin a hankali. Leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna. A kwalba busasshiya wuri mai sanyi yana kai shekara 3 da ƙarfinsa. Bata haɗuwa da rukolar lambu ko da suna kusa, abin da ka ajiye shi zai fito.

Ba zata mamaye min wuri ba?

Zata iya fa, kuma wannan ba wasa bane. Gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai, guntun saiwar da ya rage a ƙasa ma yana tofowa, shi yasa noma ta da fartanya wani lokacin ƙara ta yake yi. A Kudancin Ostareliya da gangan aka shuka ta da farko don dabbobi da riƙe yashi, yanzu tana cikin ciyayin da doka ta ayyana a matsayin masu cutarwa, suna kiranta da sunan garin Port Lincoln. A Ajantina ma ta zama ciyawar gona a yankunan da basu da yawan ruwa. Don haka ka bincika dokar inda kake kafin ka shigo da iri, kuma in kana kusa da gonaki ko daji ka tsaya a tukunya, ka riƙa yanke karan kafin kwanso ya bushe, wanda zaka ajiye iri kaɗai zaka bari.

Akwai wanda bai kamata ya ci ba?

Rukola na cikin ganyayen da suka fi tara naitiret, har Tarayyar Turai ta sa mata iyaka a 2011: miligiram 6,000 a kilo ga wadda aka girbe daga Afrilu zuwa Satumba, 7,000 ga ta Oktoba zuwa Maris, don in hasken rana yayi ƙaranci ta fi tarawa. Ga babba mai lafiya da ke cin ɗan daidai ba abin damuwa bane, amma ba a ba jarirai. Kai mai shukawa kana iya ragewa da kanka, ka rage takin naitirojin, ka shuka a rana, ka yanka da yamma bayan yini mai haske. Tana kuma da bitamin K da yawa, don haka duk mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya yi magana da likitansa kafin ya mayar da ita abin ci kullum.

Shekara nawa gindi ɗaya ke yi, kuma zan iya tono tsohuwa in dasa?

Tana iya wuce shekara uku, amma ni na lura daga shekara ta uku gindin ya zama icce, ganye ya ƙanƙance, kara yayi yawa. Don haka duk shekara biyu nake shuka sabbi a gefe, in sun kafu in cire tsofaffin, ko in bar 'ya'yan da suka fito da kansu a inda nake so.

Tono tsohuwa kuwa wahala ce, uwar saiwar ta yi nisa, zaka tsinke ta ne, samanta ya yanƙwane, guntun da ka bari kuma ya tofo a inda ka tono. In dole sai ka dasa, ka ɗauki ƙanana masu ganye huɗu ko biyar da ƙasarsu a jiki, da yamma, ka basu inuwa kwana uku.